Ƙasan Buhu

Shekara tara ina ɗinkin buhun albasa a kasuwar Marwa,
manya a baki, masu sheƙi kamar goshin jariri,
ƙanana a tsakiya,
ruɓaɓɓu can ƙasa, inda hannun mai saye ba ya kaiwa.
Haka na tarar ana yi.
Ubangidana ya ce, "Kasuwa ba coci ba ce, Yunana,
wanda ya shigo da tsarki zai fita ba wando."

Ran Lahadi kuwa ga ni a benci na biyu,
farar riga, karin guga har yana yanka,
muryata ta danne ta kowa.
An yi mini baftisma tun ina saurayi,
ruwan ya jiƙa kaina sharkaf,
lissafin da ke cikin kan bai ko ji sanyi ba.

Baba Matakon ne ya hana ni barci.
Tsohon bai iya dogon zance ba.
Buhu ɗaya ya saya don sunan jikarsa,
bayan kwana uku ya dawo da kwano:
albasa goma sha ɗaya, baƙaƙe, suna tsiyaya.
Ya ajiye a gabana, ya ce,
"Ɗana, ka manta kayanka a ƙasan buhuna."
Ya tambayi lafiyar yara. Ya tafi.

A daren na yi ta juyi har Rifkatu ta taɓa goshina.
Na buɗe baki in yi addu'a,
warin kwanon ya riga ni isa sama.
Ya Yesu, ashe haka na ɗinke kaina,
Amin a baki, Halleluya a baki,
abin da ke ƙasa kuwa Kai kaɗai Kake shaƙa.

Na zaci tunani riga ne, a tuɓe a sa wata.
Ashe Mayo Kaliyawo ne a tsakiyar rani,
yashi fari fat, ka rantse ruwa bai taɓa bi ba,
sai ka ga mata sun durƙusa da ƙwarya suna tono,
wuyan hannu, gwiwar hannu, har kafaɗa.
Abin da ke fara tsattsafowa laka ce.
A kwashe, a jira, a sake kwashewa,
kafin a ga na sha.
Haka Ruhu ya yi ta yasar kaina,
kowace asuba layi biyu na Maganar Allah, ina bi da yatsa,
wata rana in gane, wata rana in yi gyangyaɗi.

Ran da na fara zazzage buhu a gaban mai saye
hannuna rawa yake yi.
Kashi uku, farashi uku, kowa ya ga abin da zai biya.
Maƙwabtan rumfa suka ce albasa ta sami fasto.
Sefa dubu huɗu na rasa a makon,
zanen Kirsimeti na Rifkatu ya koma baɗi.
Ba ta yi fushi ba. To, ta yi, na kwana biyu.

Ban yi arziki ba, kada wani ya ƙara wa labarin gishiri.
Ko jiya hannuna ya ɗauki wata mai taushi
ya nufi ƙasan buhu da ita,
kamar jakin da ya san hanyar gida.
Na tsai da shi a tsakiya.
Yaron shagona, Danra, yana kallo. Bai ce komai ba,
ya miƙo kwandon zubarwa.

Nufinka, ya Uba, na daɗe ina hangensa a gajimare,
ashe yana nan a tsinin basilla,
a abin da na rufe kafin in ja zare.

Kwanon tsohon yana wurina har yau.
Na wanke shi da toka sau uku.
Gobe in an tashi kasuwa zan cika shi,
goma sha ɗaya, masu ƙarfi, ɗaya bayan ɗaya,
in taka zuwa Domayo da ƙafa.